Kwamfuta 14, faswod ɗaya: yaya za a yi kowane ma'aikaci ya samu nashi?

Tambaya: Assalamu alaikum malam. Ina aiki a ofishin wata ƙungiyar manoma a Garwa ta ƙasar Kamaru, kwamfutocinmu 14 ne kuma duk faswod ɗaya, kowa ya san shi har wanda ya bar aiki watan jiya. Kwanan nan aka goge mana fayil ɗin lissafi ba a san wanda ya yi ba. An ce min akwai yadda ake bai wa kowa sunanshi da faswod ɗinshi daga kwamfuta ɗaya. Yaya abin yake, kuma zai yiwu a wurinmu da wuta ba ta zama?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Zai yiwu sarai, kuma gaskiya ofis mai kwamfuta 14 da ake riƙe lissafin kuɗin jama'a a ciki bai kamata ya zauna haka ba.

Abin da aka faɗa maka shi ake kira domen. Za a ware kwamfuta ɗaya ta zama saba, a cikinta ake rubuta sunan kowane ma'aikaci da faswod ɗinshi da abin da aka yarda ya taɓa, sauran kwamfutocin kuma a shigar da su ƙarƙashinta. Kamar mai gadi ne da littafin sunaye a bakin ƙofa, duk wanda ya zauna gaban kowace kwamfuta ya buga sunanshi, kwamfutar sai ta tambayi saba ko ta san shi kafin ta buɗe. Toh kaga in mutum ya bar aiki ba sai ka bi inji 14 ɗaya bayan ɗaya ba, wuri guda za ka rufe akawun ɗinshi shikenan. Na ce rufewa fa, kar ka yi saurin gogewa, don Windows da wata lamba ta ɓoye take gane mutum, ko ka sake buɗe wani akawun da sunan nan ɗin dai ba zai gaji izinin tsohon ba.

A ɓangaren Microsoft sunan tsarin Active Directory, ya fito ne tare da Windows 2000 kuma har yau ofisoshi da yawa na amfani da shi. Sai dai Windows Server kuɗi ne, bayan lasisin saba akwai wani lasisin da ake biya kan kowane mutum ko kowane inji. In sefa ba ta kai ba akwai wata manhaja mai suna Samba da ake ɗorawa kan Linux (wani tsarin sarrafa kwamfuta ne kamar Windows) kyauta, tun fitowar Samba 4 a 2012 take iya wannan aikin, kwamfutocin Windows suna shiga ƙarƙashinta lafiya lau. Ni dai ga ƙaramar ƙungiya irin taku Samba nake so, amma fa in akwai wanda ya iya Linux kusa da ku, in sai an kira mutum daga Yawunde duk ranar da abu ya tsaya gara ku biya lasisi ku huta. Akwai kuma Entra ID na Microsoft wanda sabar tana can intanet, shi kuma yawanci biya ne da ba ya ƙarewa kuma yana son intanet mai zama.

Kafin ka sayi komai duba wace Windows ce a kan injinanku. Home ba ta shiga domen ko kaɗan, sai Pro ko sama da ita, kuma laftof da yawa da ake sayowa a kasuwa da Home suke zuwa.

Yanzu maganar wuta, wadda ita ce ta fi damuna. In saba ta mutu ba wai ofis ya tsaya cak ba ne, Windows tana tuna shiga 10 na ƙarshe a kan kowane inji, wanda ya saba zama a kwamfutarshi zai shiga. Amma wanda bai taɓa zama a injin ba ba zai shiga ba, foldar da ke kan saba ma babu ita. Abin da ya fi wannan muni shi ne wuta ta ɗauke saba tana tsakiyar rubutu, nan ne ake lalata ma'ajiyar sunayen gaba ɗaya, don haka UPS, wato akwatin batir da ke riƙe wuta in an ɗauke, dole ne ba ado ba, kuma a haɗa rawuta da suwic, na'urorin da ke haɗa kwamfutocin da juna, a kai, in ba haka ba saba na kunne amma babu mai isa gare ta. Ga zafin Garwa a watan Maris da Afrilu da yake wuce digiri 40, ga ƙurar hunturu, kar a cusa ta ƙarƙashin tebur ko cikin kabad, a sa ta inda iska ke ratsawa a riƙa hure mata ƙura. In da hali a yi saba ta biyu ko da tsohuwar kwamfuta ce, su biyun suna kwafar juna da kansu. Sannan a riƙa ɗaukar kwafi a wani faifai daban da ba ya kwana a ɗakin.

Abubuwa biyu ne suka fi kawo kukan "ya ƙi shiga". Na farko DNS, wato inda kwamfuta ke tambayar adireshin wata da sunanta. Dole saba ta samu adireshin IP, lambar da ake gane ta da ita, da ba ya canzawa kuma kowace kwamfuta ta riƙa tambayar saba ba rawutar kamfanin waya ba, in ka bar ta kan rawuta za ta buɗe Facebook lafiya amma ta ce ba ta ga domen ba. Na biyu agogo. Tsarin tantancewar sunanshi Kerberos, kuma ba ya yarda agogon kwamfuta da na saba su bambanta fiye da minti 5. Tsofaffin injinan nan akwai wani ɗan batir zagayayye kamar kwabo a cikinsu, CR2032, in ya mutu duk ɗaukewar wuta agogo sai ya koma baya da shekaru, mutum ya yi ta buga faswod daidai yana rantsuwa. Canza batirin, musamman na sabar.

Batun fayil ɗin da aka goge kuwa, domen kaɗai ba zai nuna maka mai laifi ba, sai an kunna rajistar bibiya a kan foldar don ba a kunne take zuwa ba. Ka haɗa mutane rukuni-rukuni, masu lissafi daban sakatarori daban, foldar kuɗi masu lissafi kaɗai ke rubutu a ciki. Kuma don Allah kar a bai wa kowa ikon admin, har shugaba, ya yi aikin yau da kullum da akawun irin na kowa. Faswod ɗin admin mutum biyu su san shi, a rubuta a ambulan a rufe a ajiye wurin shugaba saboda halin rai. In ka ga ma'aikaci ya manna nashi a jikin allo ko ya ba abokin aiki don kunya, ka yi mishi magana, don duk abin da aka yi da sunanshi shi za a tambaya.

Wancan faswod ɗin da wanda ya tafi ya sani kuma, kar ka jira saba ta zo, canza shi yau ɗin nan a duk injinan 14 har da na wayfay da na imel ɗin ofis.