Sun raine ni don wa'azi, yanzu sun ce in zauna

Anti, gaisuwa cikin sunan Ubangiji. A Mabera na tashi, nan Sakkwato. Tun ina ƙarama matan Zumunta, ƙungiyar matan cocinmu, suke ɗora ni a kan benci in karanta musu Zabura, don yawancinsu ba su iya karatu ba. Su suka fara ce mini ƙaramar fasto. Su suka yi karo-karo, har da Inna mai tuyar ƙosai a bakin coci, suka biya mini makarantar tauhidi. Da na gama na je wurin dattawa na ce ina jin kira, ina so a naɗa ni. Suka ce in yi haƙuri in riƙe makarantar Lahadi. Anti, yaron da na koya wa haddar aya shi aka ba wa'azi makon jiya, ni ina zaune a bencin mata. To don me aka bar ni na yi karatun? Don me ba wanda ya faɗa mini tun farko? Baba ya ce in yi aure in huta. Ni ba hutu nake nema ba. Ko gidan Inna da nake zuwa ina karanta mata tun da idonta ya mutu, na daina zuwa, kunya nake ji. Su suka raine ni, yanzu an ce in zauna. In bar cocin ne?

Amsa:

'Yata, ba zan shiga tsakaninki da dattawanki ba. Maganar nan ta raba manyan ikilisiyoyi. Cocin Ingila sai 1994 ya fara naɗa mata firistoci, a shekarar kuma Paparoma John Paul na Biyu ya ce Katolika ba ta da ikon yin haka. Amma dattawan da suka ga ana tara kuɗin ƙosai don karatunki suka yi shiru, sun zalunce ki, ko sun sani ko ba su sani ba.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne Inna. Kin rubuta ta a layi ɗaya kin wuce. Tsohuwar da ta fara gane kiranki tana zaune ba mai karanta mata, ke kuma kina jiran takardar naɗi? Bulus ya kira Fibi mai hidimar ikilisiya a Romawa 16. A garin nan Nana Asma'u ta koyar da mata, ta tura malamai mata da ake kira jaji ƙauye-ƙauye, har yau ana ambatonta. Ku kuma iyaye da shugabannin coci, ku daina zuga yarinya tana ƙarama in kun san za ku rufe mata ƙofa ta girma.

Ki koma gidan Inna gobe da Littafinki. Ki tafi da shugabar Zumunta wurin dattawa, su faɗa muku a fili abin da dokar cocin ta yarda mace ta yi. In babu hanya, akwai ɗariku a Najeriya da ke naɗa mata, irin su Methodist da Presbyterian. Ki nemi albarkar matan nan kafin ki ɗaga ƙafa.