Tambaya da Amsa: Su wane ne ke binciken shaye-shaye a cikin ƙwaƙwalwa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗaliba ce a aji uku na jami'a, ina karanta fiziks. Ganin yadda kodin da tiramol suka cinye samarin unguwarmu ya sa nake sha'awar shiga binciken abin da ƙwaya ke yi wa ƙwaƙwalwa, amma an ce mini sai wanda ya karanta likitanci ne ake ɗauka a wannan fage. Shin gaskiya ne? Daga wata ɗaliba a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yata. Wanda ya faɗa miki haka bai bibiyi tarihin fagen ba, domin mutum biyun da suka buɗe ƙofarsa babu likita ko ɗaya a cikinsu. Peter Milner injiniyan lantarki ne daga Ingila, wanda ya yi aikin na'urar hango jiragen sama a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sannan aka tura shi Kanada aikin makamashin nukiliya, kafin ya koma nazarin ƙwaƙwalwa a Jami'ar McGill da ke Montreal. Abokin aikinsa James Olds kuwa ilimin halayyar ɗan Adam da zamantakewa ya karanta a Harvard. A shekarar 1954 suka wallafa abin da suka gani bayan sun dasa siririyar waya a ƙwaƙwalwar ɓera, wayar ta kauce wa inda aka nufa ta sauka a wani wurin dabam. Ɓeran ya riƙa komawa kusurwar akwatin da aka fara ba shi ɗan lantarki a cikinta, kuma da aka sanya wa ɓeraye madanni don su ba kansu lantarkin da kansu, sai suka riƙa danna shi sau ɗaruruwa, wani lokaci har dubbai, a cikin awa guda. Daga nan aka fara maganar cewa akwai hanyar jin daɗi a cikin ƙwaƙwalwa, wadda daga baya aka gano cewa ƙwayoyi masu sa maye ita suke hawa. Dasa waya da sarrafa lantarki aikin da hannun injiniya ya saba da shi ne, kuma abin da kike karantawa a yau ya fi kusa da shi fiye da likitanci.

Ko a cikin likitocin ma, da yawansu ta wata ƙofar suka shigo. Vincent Dole lissafi ya fara karantawa a Stanford kafin ya yi likitanci, kuma ya daɗe yana binciken ƙiba da yadda jiki ke sarrafa abinci a Cibiyar Rockefeller ta New York. Wannan horon ne ya sa, lokacin da ya haɗu da likitar ƙwaƙwalwa Marie Nyswander, wadda ta shafe shekaru tana jinyar masu shan hiroyin, ya kalli matsalar a matsayin sauyin da ya auku a cikin jiki, wanda za a iya daidaita shi da magani na kullum, a zamanin da mafi yawan mutane ke ganin lalacewar tarbiyya ce kurum. A 1965 suka fitar da rahoton majinyata 22 da suka ba maganin metadon, kuma har gobe ana amfani da wannan hanya a ƙasashe da dama.

Wanda labarinsa ya fi burge ni shi ne Hans Kosterlitz, wanda aka haifa a Berlin a 1903, ya tsere wa mulkin 'yan Nazi a 1934 ya zauna a Aberdeen ta ƙasar Sikotlan. Babban kayan aikinsa shi ne ɗan guntun hanjin ɓeran Masar da aka rataye a cikin ruwan gishiri: idan aka taɓa shi da lantarki sai ya motsa, idan aka ɗiga masa morfin, wato maganin kashe zafi mai ƙarfi da ke sa maye, sai motsin ya lafa. Kosterlitz ya yi tunanin cewa tun da jiki yana da wurin da morfin ke kamawa, lallai jikin yana da irin nasa morfin ɗin. Bayan ya kai shekarun ritaya ne ya kafa sashen da zai nemo wannan sinadari, kuma matashin abokin aikinsa John Hughes ya riƙa hawa keke da asuba zuwa kwata yana karɓo ƙwaƙwalwar aladu, ya dawo ya niƙe ta ya tace. A ƙarshen 1975 suka sanar da gano sinadaran da suka kira enkefalin, a lokacin Kosterlitz ya haura shekara 70.

Tun da ke mace ce, ki riƙe sunan Huda Akil. A Dimashƙu ta ƙasar Siriya aka haife ta, kuma ta sha faɗin cewa wani littafi kan rayuwar Marie Curie da ta karanta tana ƙarama shi ya nuna mata cewa mace daga ƙasar da ba ta yi fice a kimiyya ba tana iya zama masaniya. Ta yi karatu a Bairut, ta wuce Amurka, kuma tun tana ɗalibar digirin digirgir aikinta ya nuna alamar cewa ƙwaƙwalwa na da nata maganin kashe zafi. Ta shafe shekaru masu yawa a Jami'ar Michigan, kuma a 2023 aka ba ta babbar lambar yabon kimiyya ta Amurka.

Shawarata ita ce ki kammala fiziks ɗinki da sakamako mai kyau, ki ƙware a lissafin ƙididdiga da rubuta manhajar kwamfuta, domin hoton ƙwaƙwalwa da ake ɗauka a yau fiziks ne da lissafi kafin ya zama likitanci. Ki nemi shiga tarukan Ƙungiyar Masana Kimiyyar Ƙwaƙwalwa ta Najeriya, ki kuma sa ido kan horon da ake shiryawa a cibiyar binciken kimiyyar lafiya ta Jami'ar Jihar Yobe da ke Damaturu. Aiki kuwa yana nan jibge: binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙwayoyi ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da ƙwaya a Najeriya a cikin shekara guda.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Na ji ana cewa wasu daga cikin waɗannan masana su ma tsofaffin 'yan ƙwaya ne. Idan haka ne, ta yaya za a amince da maganarsu? Ina tambaya ne saboda ina da ɗa da ke fama da wannan jarraba. Daga wani magidanci a Maraɗi.

AMSA: Barka kadai, Alhaji, Allah ya yaye wa yaron. Abin da ka ji gaskiya ne a kan wasu, kuma su da bakinsu suka faɗa. Judith Grisel, farfesa a Jami'ar Bucknell ta Amurka, ta fara shan giya tana da shekara 13, ta wuce zuwa wiwi da hodar iblis, aka kore ta daga makaranta, ta kai ga rasa wurin kwana. Tana da shekara 23 ta daina, kuma ta ce abin da ya kai ta karatun ƙwaƙwalwa tun farko shi ne burin gano maganin da zai ba ta damar ci gaba da sha ba tare da ta halaka ba. Abin da ta tarar ya rushe wannan buri, domin ƙwaƙwalwa tana mayar da martani ga duk abin da aka saba ɗura mata ta hanyar haifar da kishiyarsa, shi ya sa wanda ya fara sha don neman nishaɗi yake wayar gari yana sha don kawai ya ji shi daidai. Marc Lewis, ɗan Kanada, shi ma ya shafe shekarun samartakarsa a cikin ƙwayoyi dangin morfin, har da satar magani, ya daina yana da kimanin shekara 30, ya zama farfesa a Toronto. Shi kuma ya tsaya a kan cewa kamu da ƙwaya mugun sabo ne da ƙwaƙwalwa ta koya ta hanyar maimaitawa, don haka tana iya koyon wani abin a madadinsa, kuma ba ya son a kira shi cuta.

Akwai kuma wadda ba ta sha ba, amma abin ya taɓa gidansu. Nora Volkow, wadda ta zama shugabar cibiyar binciken shaye-shaye ta gwamnatin Amurka a 2003, a birnin Meziko ta tashi, a cikin gidan da aka kashe kakan mahaifinta, ɗan juyin juya halin Rasha Leon Trotsky, a 1940. Ta ba da labarin cewa sai da mahaifiyarta ta kusa rasuwa sannan ta bayyana mata cewa kakanta na wajen uwa mashayin giya ne da ya kasa dainawa har ya kashe kansa, kuma an ɓoye zancen ne saboda kunya. Volkow ita ce ta yi fice wajen nuna, ta hanyar hoton ƙwaƙwalwa, cewa masu kamu da hodar iblis da wasu ƙwayoyi suna da ƙarancin wuraren da dofamin, sinadarin ƙwaƙwalwa mai alaƙa da sha'awa da jin daɗi, ke kamawa, kuma ita ce kan gaba wajen cewa cutar ƙwaƙwalwa ce da ke buƙatar jinya. Duk wanda ya san labarin kakanta zai gane dalilin da ya sa take yaƙi da kunyatar da majinyata da irin wannan zafin.

Wanda ya fi jawo cece-kuce shi ne Carl Hart na Jami'ar Columbia, baƙar fata da ya tashi a unguwar talakawa a Miami, ya shiga rundunar sojan saman Amurka, kuma ta nan ya samu hanyar karatu. A gwajinsa ya kwantar da masu shan hodar iblis a asibiti yana ba su zaɓi tsakanin ƙwaya nan take da kuɗi daga baya, sai ya ga da yawansu suna zaɓar kuɗin, musamman da aka ɗaga shi daga dala 5 zuwa dala 20. Ya kafa hujja da wannan cewa talauci da rashin abin yi suna da babban kaso a cikin matsalar, kuma a nan ina ganin ya taɓo gaskiya da duk wanda ya san zaman majalisar samari marasa aiki zai tabbatar. Sai dai a littafinsa na 2021 ya bayyana cewa shi kansa yana amfani da hiroyin, yana mai cewa baligi mai hankali na iya yin haka ba tare da cutuwa ba, kuma a wannan ban bi shi ba ko kaɗan, haka ma abokan aikinsa da yawa.

Ka ga ke nan, Alhaji, mutum huɗu ne masu duba ƙwaƙwalwa ɗaya, amma kowannensu ya fi ganin ɓangaren da rayuwarsa ta koya masa dubawa. Ba a karɓar sakamakon bincike don halin mai shi, ba a kuma ƙinsa don tarihinsa. Ana karɓarsa ne idan wasu masanan sun maimaita gwajin sun samu abin da ya samu. Game da yaronka kuwa, duk saɓanin da ke tsakanin Grisel da Lewis da Volkow sun haɗu a kan cewa ana dainawa, kuma biyu daga cikinsu shaida ne da kansu. Ka kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa, kada a ɗaure shi da mari, kada kuma a yanke masa ƙwayar a gida rana ɗaya ba tare da shawarar likita ba, domin akwai ƙwayoyin da daina su kwatsam ke jawo jijjiga mai haɗari.

TAMBAYA: Malam, su waɗannan masanan suna da wani abin sha'awa kuwa bayan ɗakin gwaji, ko kullum suna kan ɓeraye ne? Daga wata malamar makaranta a Kumasi.

AMSA: Suna da shi, Malama, har ma akwai wanda abin sha'awar tasa ce ta kai shi ɗakin gwajin. Solomon Snyder na Jami'ar Johns Hopkins gwanin kaɗa jita ne tun yana saurayi, har yana koyar da ita don samun na kashewa, kuma ɗaya daga cikin waɗanda yake koya wa, wani matashin mai bincike a cibiyar lafiya ta gwamnatin Amurka, shi ya ɗauke shi aikin hutu a ɗakin gwajinsa. A 1973 Snyder da ɗalibarsa Candace Pert suka nuna wurin da morfin ke kamawa a ƙwaƙwalwa. Ita Pert hawan doki ne ya kayar da ita ta ji rauni a baya, kuma ta ce jinyar da ta yi ana ba ta maganin kashe zafi ita ta cusa mata son sanin yadda yake aiki. Da aka zo ba da babbar kyautar binciken lafiya ta Lasker kan wannan fage a 1978 sai aka ba Snyder da Hughes da Kosterlitz aka tsallake ta, ita kuwa ba ta yi shiru ba, ta fito fili ta yi ƙorafi.

Volkow an san ta da gudun motsa jiki kullum da kuma son cakulan, kuma takan kafa misali da wannan son nata idan tana bayanin dofamin. Hart kuwa ƙwallon kwando ya buga a makaranta, ya kuma yi sana'ar saka kiɗa a wuraren casu.

Anna Lembke, likitar ƙwaƙwalwa a Stanford mai jinyar masu shaye-shaye, ita abin sha'awar tata ce ta so ta fi ƙarfinta. Ta rubuta cewa tana kusan shekara 40 ta faɗa karatun littattafan soyayya, tana gama wannan tana sauke wancan a na'urar karatunta, tana hana idonta barci, tana ɓoyewa, har ta kai tana karantawa a wurin aiki tsakanin majinyaci da majinyaci. Da ta lura cewa alamomin da take tambayar majinyatanta su ne a jikinta, sai ta ɗora wa kanta abin da take ɗora musu, wato ƙauracewa na wata guda, kuma ta ce makonnin farko ta sha fama da rashin barci da ƙunci kafin abin ya sake ta.