Wane kyankyaso zan sayo wa hawainiya?

Toh ɗana, ka ce ka samu mai sayar da jajayen kyankyasan nan masu gudu da araha, kana tambaya ko ka ɗauka ko ka tsaya kan nau'in kyankyason da ake kira dubia duk da tsadarsu, da kuma wane girma za ka yi oda wa ƙananan hawainiyoyin Yaman ɗin da aka kawo mana shago.

Fara da girman. Dubi faɗin da ke tsakanin idanun hawainiyar, kada kyankyason ya wuce haka, in ya wuce zai iya shaƙe ta ko ya tsaya mata a ciki ta kasa kashi. Namu duk yara ne, don haka ƙanana za ka ce a turo, kar mai sayarwa ya ruɗe ka da cewa manya sun fi auki.

Ni dai dubia nake so kuma zan gaya maka dalili. Asalinsa Kudancin Amurka ne, wajen su Burazil da Ajantina, baya iya hawa roba mai santsi ko gilas, baya kuka da dare irin na gyare, baya wari sosai in ana share masa, kuma macen ba ƙwai take zubarwa ba, 'ya'ya take haifa kamar 20 zuwa 40 a haihuwa ɗaya in ta samu ɗumi wajen digiri 30 zuwa 35. Namiji ne mai dogon fiffike, mace ɗan guntu gare ta, da haka zaka bambance su. Matsalarsa ɗaya, lafewa yake yi wuri guda ko ya ɓuya, ita kuma hawainiya abin da yake motsi take harbo wa harshe, shi yasa muke zuba su a kofi mai santsi mu rataye a reshe inda zata hango su daga sama.

Jajayen kuwa, na Turkistan, gaskiya hawainiya tana son su saboda gudun nasu yana jan idonta, amma wallahi in suka kuɓuce maka a wuri mai zafi sun samu gida kenan, ƙwansu a ɗan kwanso suke ajiyewa a lungu, kafin ka farga maƙwabta sun fara yi mana magana. Masu hucin nan na Madagaska kuma suna hawa gilas, manyansu ɓawonsu da tauri, bar su kawai. Ka kuma riƙa duba doka kafin ka aika wa kwastoma, a jihar Fulorida ta Amurka dubia haramun ne, wani nau'in kyankyaso mai suna diskoyid ake amfani da shi a can.

Yanzu abin da ya fi damuna, wanda yawancin masu saye basa tambaya: me ake ciyar da su? Tambayi mutumin kai tsaye. In yace abincin kare ko na kyanwa yake basu don su yi saurin girma, kar ka saya ko kyauta ne, saboda kyankyaso tara yurik asid, wani datti da jiki ke samarwa daga furotin, yake a jikinsa in furotin ya yi masa yawa, hawainiya ta yi ta ci har gaɓoɓinta su kumbura ta kasa riƙe reshe, ciwon gaut kenan, kuma abin tausayi ne ka ga dabba a wannan hali saboda ragin 'yan kuɗi kaɗan. Na bayan gida ko na kicin kuwa kar ma ka fara, maganin ƙwari da tsutsar ciki za ka ɗura mata.

In kaya ya iso buɗe shi nan take, kar ka bari sai gobe. Shinshina, in kaji tsami ko wari kamar na ruɓa, ko ka ga matattu da yawa, fumfuna a jikin kwalin ƙwan kaji da ake sa musu a ciki, ko wasu mitsi-mitsin ƙwari suna yawo a jikinsu, ɗauki hoto ka tura masa ya canza. Tun kafin ka biya ku yi magana cewa in sun mutu a hanya asararsa ce, musamman lokacin sanyi.

Waɗanda suka zo lafiya ka ware su daban da namu na da, ka basu karas, kabewa, gwanda, dankalin Hausa da ganye na awa 24 zuwa 48, sannan ka barbaɗa musu garin kalsiyam kafin ka miƙa. Sa safar hannu da takunkumi in zaka share kashinsu, yana sa wasu atishawa da ƙaiƙayi. Ka yi odar kaɗan tukuna mu ga kayan mutumin, ka haɗo da gyare ma don kar su gaji da abu ɗaya.