Tambaya da Amsa: Ko Robar Babur Tana Kama Rini?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da babur ƙirar Bajaj Boxer wanda robobinsa suka koɗe saboda rana, kuma kuɗin sayen sababbi ya fi ƙarfina a yanzu. Na ji an ce ana rina su a gida kamar yadda ake rina tufafi. Shin gaskiya ne? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Gaskiya ne, sai dai ba kowace roba ce ke kama rini ba, don haka kafin ka kashe ko sisi, ka kwance ta ka duba cikinta, domin masana'antu kan buga haruffan da ke nuna irinta. Idan ka ga PA, wato nailan, ita ce ta fi shan rini, ABS, wata roba mai tauri, ita ma takan karɓa gwargwado. Idan kuwa PP ko PE ka gani, irin robar nan da ke lanƙwasa ba ta karye ba, ko kwana ka yi kana dafa ta launin ba zai shiga ba. In babu rubutu, ka cire ƙusoshinta ka tsoma ta a baho: PP da PE tasowa suke yi, ABS kuwa nutsewa. Robar da aka fesa wa fenti tun daga kamfani ita ma ba ta rinuwa, domin fentin ya toshe hanya.

Shunin da marina ke aiki da shi a Ƙofar Mata ta Kano na auduga ne, ba zai yi maka wannan aiki ba. Abin da ake bukata shi ne rinin da aka yi domin zaren roba, irin su Rit DyeMore. Ka wanke robar tas da omo har maiƙo ya fita, domin duk inda ya saura zai bar dabbare-dabbare. Sai ka ɗora ruwa a tsohuwar tukunya wadda ba za a sake girki da ita ba, ya yi zafi sosai amma kada ya tafasa, ka zuba rinin, ka tsoma robar kana juyawa, kana ɗagowa bayan 'yan mintoci kana duba launin. Kada ka bari ta kwanta a gindin tukunyar, domin ABS tana fara laushi ne a wajen digiri 105 na ma'aunin Celsius, kuma in ta murɗe ba za ta sake zama daidai a mazauninta ba. A waje za ka yi aikin, da safar hannu.

Ka kuma sani cewa rini duhu kawai yake ƙarawa. Fara tana iya komawa ja, ja ta koma baƙa, amma baƙa ba ta komawa fara, kuma ranar da ta koɗar da launin farko za ta ci wannan ma. Gilashin fitila, da tirafiketa, da jar wutar baya, da hular kwano, kada ka kusance su da rini. In taka PP ce, a goge ta da samfefa mai laushi, a fesa share-fagen fenti na roba, sannan a bi da fenti.