Fizar Italiya, ta Amurka, da ta kwali: a wacce za ka sa kuɗinka?

Assalamu alaikum jama'a. Tambayoyi kan fiza sun taru min, toh na tsamo huɗu daga ciki waɗanda na ga sun yi kama da na sauran mutane, bismillah.

Tambaya: Anti ni ɗalibi ne, ban daɗe da zuwa Napoli a Italiya ba. Na shiga wani shagon fiza da kowa ke yabo na yi odar margarita, abin da aka kawo min ya ɗaure min kai, tsakiyarta jiƙe sharkaf, gefenta duk ɗigo-ɗigon ƙuna, cukun ɗan kaɗan nan da can, ko yankawa ma ba su yi ba, wuƙa da cokali mai yatsu kawai aka ajiye min. Cutata aka yi don an ga baƙo, ko haka take?

Amsa: Ƙanena babu wanda ya cuce ka, haka take, kuma wallahi kana zaune ne a garin da aka haifi abin. Ƙullin fizar Napoli abu huɗu ne kacal, fulawa da ruwa da gishiri da yis, ba mai ba suga, a bar shi ya tashi awa takwas ko fiye, wasu har ya kwana, sannan a buɗe shi da hannu ba a murza shi da katako, saboda iskar da ke ciki ta koma gefe. Daga nan sai tanderun itace mai zafin da ya haura digiri 430, har ya kan kusanci 480, kuma daƙiƙa 60 zuwa 90 kawai take yi a ciki. Wannan mugun zafin shi ke sa gefen ya kumbura ya yi ɗigon baƙi-baƙi, ita kuma tsakiyar ba ta samu lokacin bushewa ba, ga shi cukun nasu mozzarella ɗanye ne mai ruwa sosai, wani na nonon saniya wani na nonon wani irin ɓauna da suke kiwo a yankin Campania. Toh ka ga jiƙewar da ƙunar duk da gangan ne.

Su fa ba su ɗauki abin da wasa ba. Tun 1984 suna da ƙungiya, Associazione Verace Pizza Napoletana, wadda ta rubuta ƙa'ida har da faɗin fizar kada ya wuce santimita 35, a 2010 Tarayyar Turai ta yi wa sunan rajista a matsayin abincin gargajiya, a 2017 kuma UNESCO ta saka sana'ar masu gasa fizar Napoli cikin al'adun duniya da ake karewa. Za ka kuma ji ana ba ka labarin wai a 1889 Raffaele Esposito ya yi wa Sarauniya Margherita fiza mai launin tutar Italiya, wai ita ce margaritar da ka ci, jan tumatir da farin cuku da koren ganyen basil, ɗan'uwan ɗoɗɗoyarmu, labari ne mai daɗi amma masana tarihi da dama suna tababa a kansa.

Abin da nake so ka gane, a Napoli burodin shi ne abincin, kayan saman rakiya suka yi masa. Duk wanda ya taɓa cin gurasar da aka ɓamɓaro daga tanderu a Jakara a lokacin, sannan ya ci wadda ta wuni a leda, ya san me nake nufi. Ka ci ta nan take tana turiri, kowa da tasa guda, kada ka tsaya ɗaukar hoto har ta huce, kuma kada ka ce a sa maka a kwali ka tafi ɗaki da ita, kafin ka isa ta zama taunar roba. In ka sake gwadawa har yanzu ranka bai so ba, ba laifi bane, in ka je Rum akwai tasu siririya mai ƙaras-ƙaras, akwai kuma wadda ake gasawa a dogon tire a yanka maka da almakashi a auna a sikeli, ka biya iya nauyin da ka ɗauka, ita ce ma ta fi dacewa da aljihun ɗalibi.

Sai maganar da ba ka tambaya ba amma ta fi komai muhimmanci. Kusan duk naman da ake sa wa fiza a Italiya na alade ne: prosciutto, salame, salsiccia, pancetta, speck, 'nduja. Fizar da ake kira diavola da capricciosa duk akwai shi a ciki, soyayyar fizar Napoli ma sau da yawa ana cusa mata ƙitsen alade soyayye. Ka tambaya ko sun sa strutto a ƙulli, man alade kenan, wasu gidajen burodi suna amfani da shi. Margarita da marinara su ne mafakarka, ita marinara ko cuku babu, tumatir ne da tafarnuwa da ganyen oregano da man zaitun, kuma ita ce mafi arha a takardar farashi.

Tambaya: Anti ina Abuja, yarana sun sauke izu zan ɗan yi musu walima su da abokansu, yara kamar goma sha biyu. Akwai wani gidan abinci mai tanderun itace irin na Italiya amma da tsada, ga kuma manyan kamfanonin nan da ke kawowa har gida. Ina so in yi abu mai kyau, wanne zan saya?

Amsa: Hajiya Allah ya sanya albarka ya sa su amfana da karatun. Ni dai a raina fizar tanderun itace na fi so nesa ba kusa ba, amma a wannan hidimar taki ta kamfani za ki saya, kuma kada ki ji kamar kin yi ƙwauro.

Dalili, ita fizar kamfani tun asali don kwali da hanya aka tsara ta. Domino's a 1960 ya fara a wani ƙaramin gari Ypsilanti a jihar Michigan, kusa da jami'a, cinikinsa kai wa ɗalibai har ɗakin kwana, Pizza Hut kuma 1958 a Wichita ta jihar Kansas. Ƙullinsu akwai mai da ɗan suga shi ya sa yake daɗewa da laushi, cukunsu an rage masa ruwa an gurza shi an lulluɓe ko'ina, sai a ɗora a kan wani bel da ke tafiya a hankali cikin oben mai zafin da bai fi rabin na Napoli da 'yan kai ba, ta fito ɗaya bakin bayan 'yan mintuna. Ba a buƙatar gwani ya tsaya yana juya ta, shi ya sa wadda kika ci a Wuse da wadda za ki ci a Legas ɗanɗano ɗaya ne, kuma shi ya sa bayan ɗan acaɓa ya yi rabin awa a gosulo za ta iso miki da sauran mutuncinta. Waccan ta tanderun kuwa tururinta ne zai jiƙa ta a cikin kwali, ki biya kuɗi mai yawa yara su ɓalli gefe su ce ta ƙone.

Kowacce da inda take ci. Domino's ɗin nan da ya shigo Najeriya a 2012 ya samu karɓuwa har ya riƙa yin fiza mai ɗanɗanon suya, shi ne ya shiga Italiya a 2015 ta Milan, zuwa 2022 ya rufe duka rassansa na can, domin mutum ba zai bar shagon unguwarsu ya sayi ta kamfani ba, balle da su ma ƙananan shagunan suka fara kai wa mutane gida lokacin korona.

Ga wata dabara ta kuɗi. Kada ki sayi ƙanana da yawa, ki sayi manya kaɗan, saboda fiza mai faɗin inci 14 kusan daidai take da guda biyu masu inci 10, lissafin da'ira ne, amma da wuya ki ga farashin babbar ya ninka na ƙaramar. Ki duba faɗin da suka rubuta ki kwatanta da kuɗin kafin ki danna oda. Ga yara goma sha biyu manya uku ko huɗu za su yi in akwai wani abin taɓawa a gefe, ki sa ɗaya ta zama cuku zalla don ba a rasa yaron da ba ya son albasa ko tattasai. Ki sani dai akwai gishiri da maiƙo sosai a cikinta, toh ki haɗa musu da kankana da zoɓo marar suga da yawa maimakon lemon kwalba. Gidan tanderun kuma ki ajiye shi sai ranar da ke da maigida za ku je ku zauna a can ku ci da zafinta.

Tambaya: Hajiya kasuwanci zai kai ni New York da Shikago. Wani abokina ya ce fizar Amurka duk jabu ce, ta Italiya ce kawai ta gaske. In ɓata kuɗina a kai ko in haƙura?

Amsa: Alhaji ban yarda da abokinka ba sam. 'Yan kudancin Italiya ne da kansu suka kai fiza Amurka lokacin da talauci ya koro su a ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20, suka tarar da gawayin kwal maimakon itace, da fulawa mai ƙarfi, da busasshen cuku mai arha, sai suka yi aiki da abin da suka samu. Lombardi's na New York da ake dangantawa da 1905 shi aka fi ambata a matsayin shagon farko. A lokacin ma mutanen arewacin Italiya da yawa ba su saba da fiza ba, sai bayan yaƙin duniya na biyu ta bazu a can. Toh abin da ya shekara fiye da ɗari yana da gwanayensa da ƙa'idarsa ba a ce masa jabu.

A New York ka sayi yanki ɗaya a ƙaramin shagon bakin titi, faffaɗa ne siriri, ƙasansa da ɗan ƙarfi, ka ninke shi biyu ka ci a tsaye, arha ne kuma ya fi na manyan kamfanoni daɗi, ban ga dalilin da mutum zai je har New York ya shiga reshen kamfanin da yake da shi a gida ba. Ta Shikago wata duniya ce daban, a Pizzeria Uno aka fara ta a 1943, a cikin kwano mai zurfi, cuku a ƙasa miyar tumatir a sama don kada cukun ya ƙone, saboda takan yi minti 30 zuwa 45 a oben. Kada ka shiga kana sauri, kuma kada ka yi odar babba kai kaɗai, yanka biyu ya ishi ƙato. Detroit ma tana da tata mai kusurwa huɗu tun 1946, amma ba hanyarka bace.

Ka kula da pepperoni, jan naman nan zagaye-zagaye, a Amurka yawanci haɗin alade da saniya ne, sausage ɗin da ake cusa wa ta Shikago ma yawanci niƙaƙƙen naman alade ne, haka mai abarba da ake kira Hawaiian, wadda ma wani ɗan Girka Sam Panopoulos ya ƙirƙira a Kanada a 1962, naman alade ne abokin abarbar. Kada ka ɗauka don ka saba cin na saniya a gida haka yake a can ko da sunan kamfanin ɗaya ne. Ka ce ta cuku zalla ko ta kayan lambu kake so, ka roƙi a yanka da wuƙa mai tsabta don wuƙa ɗaya suke bi da ita kan kowacce, ko ka nemi shagunan halal, akwai su a unguwannin da musulmi suke da yawa.

Tambaya: Anti ina so in fara yi a gida, na ga ana sayar da fulawar Italiya mai lamba 00 da tsada. In saya?

Amsa: 'Yar'uwa riƙe kuɗinki. Obin ɗin gida iyakarsa wajen digiri 250, ita kuma wannan fulawar da zafin tanderu take aiki, a obin ɗinki sai ta daɗe ba ta yi ja ba, ta fito fara ƙeƙasasshiya. Salon New York ko na kasko shi gida zai iya. Fulawar burodi giram 500, ruwa kamar mililita 320, gishiri giram 10, yis rabin ƙaramin cokali, man zaitun babban cokali ɗaya da ɗan suga, ki kwaɓa ki bar shi ya kwana a firji, in wutar unguwarku ba ta da tabbas ki rage yis ɗin ki bar shi a rufe awa huɗu zuwa shida a wuri mai sanyi. Ki kunna obin ƙarshen zafinsa da tiren a ciki na rabin awa kafin ki ɗora. Kuɗin da za ki kashe a fulawa ki kai shi wajen mozzarella na dunƙule ki gurza da kanki, don cukunmu na Nijar da wara masu daɗi ne amma ba sa narkewa su ja zare. Tumatir ɗanye ki markaɗa ki ɗan dafa ruwan ya tsotse, ki shafa kaɗan, kayan sama kada su wuce kala biyu ko uku, naman kuma ki dafa shi ko ki gasa tukuna don minti goman da za ta yi a obin ba zai nunar da shi ba.