Yaya ɗan jaridar talabijin ke daɗewa a fagen labaran siyasa?

Tambaya: Ranka ya daɗe, na gama karatun aikin jarida a nan Bauchi, kuma labaran siyasa nake so in riƙa ɗaukowa a talabijin. Me ya sa wasu ke shekara talatin a aikin, wasu kuwa gwamnati ɗaya ke tafiya da su? Daga wani mai karatu a Azare.

Amsa: Ɗana, dubi tarihin jiharka. A 2007 Isa Yuguda ya karɓe mulki daga hannun PDP a ƙarƙashin ANPP. A 2015 APC ta zo da M. A. Abubakar, a 2019 kuma Bala Mohammed ya kayar da shi yana kan kujera. Duk wakilin da ya zama ɗan gidan gwamna, ranar da aka rantsar da sabo wayarsa ke daina ƙara. Wanda ya daɗe shi ne wanda ɗan adawa ke ɗaga masa waya tun yana adawa.

Abin yana farawa ne daga ambulan ɗin da ake miƙawa bayan taron manema labarai, a ce ga na mai. Albashi ba ya kai wa ƙarshen wata, gaskiya ne, amma wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Askin kuwa a kyamara ake yinsa. Taron da bai cika rabin dandalin IBB na garin Bauchi ba, sai mai ɗauka ya matso da hoton kan layin gaba, a nuna a labaran dare kamar garin ne ya fito. Mutanen da suka je wurin sun gani, kuma ba sa mantawa da wanda ya karanta musu labarin.

Ka san doka. Dokar Zaɓe ta 2022 ta wajabta wa kafafen yaɗa labarai raba lokaci daidai tsakanin jam'iyyu, ta kuma hana amfani da na gwamnati, irin su BATV da NTA, don fifita wani. Sakamako kuma baturen zaɓe na INEC kaɗai ke bayyanawa. A 2019, da aka ce zaɓen gwamnan Bauchi bai kammala ba saboda rikicin ƙuri'un Tafawa Ɓalewa, alƙaluma iri-iri sun yi ta yawo a waya, kuma nan aka ga 'yan jarida masu haƙurin jiran sanarwar INEC.

Ni da zan zaɓa maka, kada ka fara da gidan gwamnati. Nemi a tura ka majalisar dokoki, ka zauna zaman kwamiti lokacin kare kasafin kuɗi, inda kowa ke gyangyaɗi, ka rubuta abin da kowane kwamishina ya yi alkawari da ranar da ya faɗa.