Ɗanyar madara, allurar shanu da kafso: likita ya amsa tambayoyinku

Tambaya: Likita, an ce tafasa madara yana kashe amfaninta. Gaskiya ne? (Wata uwa daga Ringim)

Amsa: A'a, Hajiya. Abin da ke gina jiki da ƙarfafa ƙashi yana nan daram, ƙwayoyin cuta ne suke mutuwa. Ki bari ta tafaso, ki sauke, ki rufe.

Tambaya: Mu makiyaya ne a ƙasar Dambatta. Idan saniya ta yi ciwon hantsa mukan sayo allura ranar kasuwa mu yi mata, mu ci gaba da tatsa, yara kuma suna shan madarar da ɗuminta kamar yadda muka gada. Akwai illa?

Amsa: Malam, wannan tambayar ce ta fi tayar mini da hankali. Madara takan fito fara ƙal, amma tsakanin hantsa da hannun mai tatsa da ƙwarya da ƙudaje tana iya kwaso ƙwayoyin cuta irin su E. coli da Salmonella masu sa gudawa, da Brucella wadda ke kawo bakkale a garke, ta kuma sa wa mutum zazzaɓi mai tafiya yana dawowa, har da ƙwayar tarin fukan shanu.

Allurar da kuke yi, wadda galibi oxytetracycline ce, wato maganin kashe ƙwayoyin cuta, tana fita a cikin madara na kwanaki, shi ya sa masu haɗa maganin suke ƙayyade lokacin da za a riƙa zubar da abin da aka tatsa. Idan aka yi allura da ka, ko aka tsuke ta don kwalba ɗaya ta ishi garke, raunanan ƙwayoyi ne kawai suke mutuwa, masu taurin kai su saura su hayayyafa. Ƙwayoyin nan kuma ba zuriya ɗaya ba ne, domin a ƙwarya guda ana iya samun E. coli iri-iri, kuma suna miƙa wa juna ƙwayar halittar jure magani tamkar maƙwabta na ɗibar wuta, ko da ba dangin juna ba ne. Yaro ya sha su zauna masa a hanji, ran da ciwo ya kwantar da shi a ba shi magani ya ƙi ci. An ƙiyasta cewa a shekarar 2019 irin waɗannan ƙwayoyi sun kashe mutum miliyan 1.27 a duniya.

Tafasawa tana kashe ƙwayoyin, amma ba ta fitar da ragowar magani gaba ɗaya, don haka madarar saniyar da aka yi wa allura sai zubarwa, ko da asarar da ciwo. Ka nemi malamin dabbobi kafin ka tsira wa dabba allura, kuma duk wanda zazzaɓi ya ƙi saki a rugarku a kai shi asibiti, a faɗa wa likita yana shan ɗanyar madara.

Tambaya: Tsamin nono ba ya kashe cuta? (Daga Gumel)

Amsa: Yana ragewa, ba ya gamawa. A tafasa madarar tukuna, ta huce, sannan a bar ta ta kwana.

Tambaya: Ɗana mai shekara 3 ya yi gudawa bayan ya sha fura da nono, kakarsa ta fasa masa kafso ja-da-yalo a koko. (Daga Kazaure)

Amsa: Haba jama'a! Tetracycline ne fa, ba a ba yaron da bai kai shekara 8 ba saboda yana ɓata haƙora, kuma yawancin gudawar yara ba ta buƙatar kafso ko kaɗan. Ki lallashi Goggo ta daina. Ki ba shi ruwan gishiri da sukari bayan kowane bahaya, da zinc na kwana 10 zuwa 14. Idan kika ga jini a bahayansa, ko idanunsa sun faɗa, ko ya kasa shan ruwa, ki kai shi asibiti yau, kada ki jira gari ya waye.